Yadda Harafi Ɗaya a Cikin Ƙwayar Gado Ke Zama Amosanin Jini

Wani bawan Allah mazaunin Kusuri, wanda aka gwada 'yarsa 'yar shekara huɗu aka samu tana da amosanin jini, ya aiko da tambaya kamar haka: "Malam, likita ya ce mini harafi ɗaya ne ya sauya a cikin ƙwayar gadonta. Ta yaya harafi zai zama ciwon ƙashi da ƙarancin jini? Kuma shin abinci mai kyau ko ƙarin jini ba zai gyara wannan harafin ba?"

Malam, Allah ya ba ta lafiya, ya ba ku ladan jinya. Na shafe shekaru ina koyar da ilimin halittu a makarantar sakandare a nan Garwa, kuma wannan babin na yadda ƙwayar halitta ke ƙera furotin yana cikin abin da ɗalibai ke haddacewa domin jarrabawar bakaloriya su manta da shi bayan mako biyu. Tambayarka ta fi tasu nauyi, domin kai abin a cikin gidanka yake, saboda haka zan bi da kai hanyar tun daga tushe, kuma jinin 'yarka shi ne zai zama misalinmu har ƙarshe.

Jikin mutum tarin ƙananan ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, kuma kusan duk wani aiki da ake yi a cikinsu furotin ne ke yin sa. Mutanenmu sun saba jin wannan kalma a bakin ma'aikatan lafiya idan ana maganar nama da wake da ƙwai, sai su ɗauka sunan abinci ne kawai, alhali furotin iri dubbai ne: akwai mai narka abinci, akwai mai gina gashi da farce, akwai insulin mai daidaita sukari, akwai kuma himogulobin, wanda shi ne ya cika jajayen ƙwayoyin jini yake ɗaukar iskar oksijin daga huhu zuwa sauran gaɓoɓi. Kowane furotin sarƙa ce ta ƙananan sinadarai da ake kira amino asid, waɗanda iri 20 ne, ana jera su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ake zura duwatsu a tsarkiya. Abin da ya bambanta wani furotin da wani shi ne tsawon sarƙar da kuma jerin duwatsun, wane ne na farko, wane ne ke bi masa. Ƙwayar gado ita ce rubutaccen bayanin wannan jeri.

Ana ajiye rubutun ne a cikin wani dogon zare da takardun makarantunmu na Faransanci ke kira ADN, na Turanci kuma DNA. Haruffansa huɗu ne kacal, A da T da G da C, kuma zaren tufka biyu ne da suka murɗe da juna, inda A ke fuskantar T kullum, G kuma ke fuskantar C. James Watson da Francis Crick ne suka bayyana wannan siffa a Kambirij ta Ingila a 1953, suna dogaro da hotunan da Rosalind Franklin da abokan aikinta suka ɗauka. A cikin mutum zaren ya kasu kundi 46 da ake kira kuromosom, 23 daga uwa, 23 daga uba, kuma kowane ɓangare yana ɗauke da haruffa kusan biliyan 3. A cikin wannan tarin rubutu akwai ƙwayoyin gado kimanin 20,000 masu bayanin furotin. Wadda ta shafe mu tana kan kuromosom na 11, ita ce mai bayanin sarƙar da ake kira beta, ɗaya daga cikin nau'o'in sarƙa biyu da ke haɗuwa su zama himogulobin: alfa guda biyu masu amino asid 141 kowacce, da beta guda biyu masu 146 kowacce.

To amma rubutu a ajiye ba ya aikata komai da kansa. Kundayen nan suna kulle ne a cikin cibiyar ƙwayar halitta, ba sa fita, su kuwa injinan ƙera furotin suna waje, a cikin ruwan da ya kewaye cibiyar. Ka duba malamin da ya gaji wani tsohon kundi daga kakanninsa: ba ya ba da shi aro, ba ya bari a fita da shi zaure. Wanda ke buƙatar wani shafi sai ya zo da allonsa da tawadarsa ya kwafi wannan shafin kaɗai, ya fita da allon ya yi aiki da shi, idan ya gama ya wanke. Haka ƙwayar halitta take yi, kuma wannan shi ne mataki na farko, wato kwafa. Allon shi ne wani zare mai tufka ɗaya da ake kira ARN manzo, saboda saƙo yake kaiwa. Masu bincike na Cibiyar Pasteur da ke Faris, François Jacob da Jacques Monod, su ne suka yi hasashen cewa dole akwai irin wannan ɗan aike mai gajeren rai, kuma a 1961 aka wallafa gwajin da Jacob ya yi tare da Sydney Brenner da Matthew Meselson wanda ya tabbatar da samuwarsa.

Mai yin kwafin wani babban furotin ne da ake kira ARN folimeraz. Ba ya farawa a ko'ina ya ga dama, sai ya sami alama a gaban ƙwayar gadon, tare da wasu furotin mataimaka da ke riƙe wurin suna nuna masa cewa a nan za a buɗe. Idan ya zauna sai ya warware tufka biyun na ɗan ƙaramin wuri, ya bi ɗaya daga cikinsu harafi bayan harafi yana ajiye abokin kowanne, yana wucewa zaren na sake murɗewa a bayansa kamar ba a taɓa shi ba. Bambanci guda a tawadar shi ne ARN ba shi da T, sai ya sa U a madadinsa. Wannan sharaɗi na mataimaka shi ya sa ƙwayar fatarka da ta idonka, duk da cewa suna ɗauke da bayanin himogulobin cif-cif, ba sa ƙera shi. A cikin ɓargo ne kawai, a ƙwayoyin da ke shirin zama jajayen ƙwayoyin jini, ake samun masu buɗe wannan shafin.

Allon ba ya fita yadda aka kwafe shi. Ƙwayar gadon beta tana da haruffa wajen 1,600, amma bayanin sarƙar a gutsure uku yake, da wasu dogayen layuka biyu a tsakaninsu waɗanda ba sa cikin karatun. Sai an yanke waɗannan biyun an haɗe ukun baki da baki, an sa wa zaren hula a goshi da jela ta haruffan A masu yawa a ƙarshe domin kada ya lalace da wuri, sannan ya bi ta ƙofofin cibiyar ya fita. Richard Roberts da Phillip Sharp ne suka gano wannan yanke-yanke a 1977, abin da ya ba masana mamaki ƙwarai a lokacin. Idan aka sami tangarɗa a wurin yankan, sarƙar beta takan yi ƙaranci, kuma wannan na daga cikin hanyoyin da ke haifar da wani ciwon jini na gado da ake kira talasimiya, wanda ba shi ne na 'yarka ba.

Mataki na biyu shi ne fassara, kuma sunan ya dace, domin harsuna biyu ne: na haruffa huɗu da na amino asid 20. Da za a karanta harafi ɗai-ɗai, kalmomi huɗu kawai za a samu. Da bibbiyu ne, 16, ba su isa ba. Saboda haka uku-uku ake karantawa, abin da ke ba da kalmomi 64, kowacce ana kiranta kodon. A 1961 Marshall Nirenberg da Heinrich Matthaei, a Amurka, suka haɗa wani ARN na ƙirar hannu wanda babu komai a cikinsa sai U, suka zuba shi cikin ruwan da aka matso daga ƙwayoyin bakteriya, sai aka wayi gari da sarƙar da babu komai a cikinta sai amino asid ɗaya, fenilalanin. Kalmar farko ke nan da aka gane ma'anarta, UUU, kuma kafin ƙarshen 1966 an gama warware sauran. Daga cikin 64 ɗin, 61 suna nufin amino asid, har wasu kalmomin sukan yi tarayya a ma'ana ɗaya, uku kuma, UAA da UAG da UGA, ma'anarsu a tsaya. AUG ita ce kalmar buɗewa. Abin da har yau yake sa ni tsayawa idan na zo nan a aji shi ne cewa wannan ƙamus kusan ɗaya ne a jikin mutum da saniya da gero da ƙwayar cutar da ke cikin ruwan kududdufi, shi ya sa ma ake iya sa bayanin insulin na mutum a cikin bakteriya ko ƙwayar yis ta karanta ta ƙera shi, wanda shi ne asalin mafi yawan insulin da masu ciwon sukari ke amfani da shi yanzu.

Injin da ke karatun sunansa ribosom. Yana kama zaren ARN manzo ya zame a kansa har ya iske AUG, daga nan ya fara tafiya taku uku-uku. Shi kansa bai san wane amino asid ne ya dace da wace kalma ba, sai da tafinta, kamar dai baƙon da ya zo kasuwar Marwa da Faransanci kaɗai yana son ciniki da mai Fulatanci. Tafintocin wasu ƙananan ARN ne masu dako, kowannensu yana da haruffa uku a gefe guda waɗanda ke dacewa da kodon ɗaya, a ɗaya gefen kuma yana riƙe da amino asid ɗin da kodon ɗin ke nufi. Wanda haruffansa suka dace sai ya shiga ya zauna, ribosom ya ɗaure kayansa a kan sarƙar da ke tsawo, ya matsa gaba taku ɗaya, ɗan dakon ya fita hannu wofi ya je a sake ɗora masa. A jikin mutum ana ɗaura 'yan amino asid kaɗan a kowace daƙiƙa, saboda haka sarƙar beta takan kammala cikin abin da bai wuce minti ɗaya ba ko makamancin haka, kuma ribosom da dama kan jeru a kan zare guda a lokaci ɗaya, kowanne da sarƙarsa. Da an iso kalmar tsayawa sai a saki sarƙar, a cire amino asid ɗin farko da aka buɗe da shi, ta naɗe kanta ta ɗauki siffar da jerinta ya hukunta mata, ta rungumi wani sinadari mai ƙarfe a tsakiyarsa wanda shi ne ke kama oksijin, sannan ta haɗu da 'yan'uwanta uku.

Yanzu mun iso harafin da likita ya faɗa maka. A cikin bayanin beta na mafi yawan mutane, wurin da sarƙar ta kai amino asid na biyar zuwa na takwas, allon yana cewa CCU GAG GAG AAG. Allon mai sikila kuwa, wato mai amosanin jini, yana cewa CCU GUG GAG AAG. Ka ga A ɗin tsakiyar kalma ta biyu ya koma U, domin a cikin kundin asali an sami T a inda A yake. GAG na nufin gulutamik asid, GUG kuwa na nufin balin. Mai kwafa ya kwafi abin da ya gani, tafinta ya kawo abin da aka kira, ribosom ya ɗaura abin da aka miƙo masa; babu wanda ya yi kuskure a cikinsu, kuma amincinsu ga rubutun shi ne ya sa kowace sarƙar beta da jikin yarinyar ya ƙera take fitowa da balin a gurbi na shida, sauran 145 kuma lafiya lau. Vernon Ingram ne ya gano wannan musanya a Kambirij a 1956 da 1957, bayan Linus Pauling da abokan aikinsa sun nuna a 1949 cewa himogulobin ɗin masu ciwon ya bambanta da na sauran mutane.

Dalilin da ya sa dutse ɗaya cikin 146 ya yi wannan ɓarna yana cikin halin sinadaran biyu. Gulutamik asid yana da caji na lantarki kuma yana jituwa da ruwa, shi ya sa zamansa a bayan furotin, inda ruwa ke taɓawa, ba ya kawo matsala. Balin halinsa irin na mai ne, yana gudun ruwa yana neman inda zai ɓuya. Muddin himogulobin yana riƙe da oksijin, babu inda balin zai shiga. Amma da ya sauke oksijin ɗin a cikin tsoka ko ƙashi, siffarsa takan ɗan sauya, wani ɗan gurbi mai gudun ruwa ya bayyana a jikinsa, sai balin na maƙwabcinsa ya faɗa ciki ya maƙale, shi ma wani ya maƙale masa, har su zama dogayen sanduna masu tauri a cikin ƙwayar. Kowace jar ƙwayar jini tana ɗauke da himogulobin sama da miliyan 250, don haka ka ƙiyasta yawan sandunan. Ƙwayar da a da take da laushi, mai faɗi kamar waina, tana lanƙwasawa ta ratsa jijiyar da ta fi ta ƙanƙanta, sai ta miƙe ta kantare kamar lauje.

Na sha ganin wannan da idona a ɗakin gwaji. Ana ɗiga jini a kan gilashi, a haɗa shi da ɗigon wani sinadari mai janye oksijin, a rufe da ƙaramin gilashi a toshe gefensa domin kada iska ta shiga, gwajin da asibitocinmu ke kira gwajin Emmel. Da farko a ƙarƙashin madubin ƙara girma za ka ga ƙwayoyin zagaye-zagaye suna kwance. Ka dawo bayan rabin awa ko awa ɗaya, sai ka tarar filin ya cika da lauje da masu tsini kamar ƙaya. Sai dai a lura, jinin mai AS, wato wanda ya gaji sauyayyen harafin daga ɗaya kawai cikin iyayensa, shi ma yana yin haka a wannan gwajin, saboda haka ba a yanke hukunci da shi. Gwajin elektiroforez ne ke rarrabewa, kuma shi ma da wancan harafin yake aiki, domin himogulobin da ya rasa cajin gulutamik asid ba ya gudu a cikin lantarki kamar na lafiya, sai kowanne ya tsaya a layinsa a kan takarda.

Daga nan sauran alamomin suna bin juna. Ƙwayoyin da suka kantare suna toshe ƙananan jijiyoyi, inda jini bai kai ba kuwa ciwo ne mai tsanani, shi ne ciwon ƙashi da kumburin hannu da ƙafa da ake gani a yara. Suna kuma saurin fashewa: lafiyayyar ƙwaya takan yi kwana 120 tana aiki, ta mai sikila kwana 10 zuwa 20, ga ƙarancin jini ke nan da ɗorawar ido. Duk abin da ke rage ruwan jiki ko oksijin yana ƙara cunkoson sandunan, kuma ku da ke bakin kogin Logon kun san zafin Maris da Afrilu da yakan haura digiri 40, kun san sanyin asubar hunturu, ga zazzaɓin cizon sauro a damina. Shi ya sa ma'aikatan lafiya ke nanata shan ruwa, da gidan sauro, da gaggawar zuwa asibiti idan jiki ya yi zafi. Ku iyaye kuwa, idan AS ne ku duka biyun kamar yadda aka fi samu, kowannenku yana da kundi biyu, ɗaya mai GAG ɗaya mai GTG (wanda ke komawa GUG a kan allo), ana kwafar duka biyun, himogulobin mai lafiya ya fi rabi a cikin kowace ƙwaya, sai ya hana sandunan haɗuwa. Yarinyar ta gaji mai GTG daga kowane ɓangare, kuma a kowane ciki yiwuwar hakan ɗaya ce cikin huɗu, ba tare da la'akari da yadda 'ya'yan baya suka fito ba. Saboda haka babu hujjar ɗora wa uwa laifi ita kaɗai, abin da na sha ji a gidajenmu kuma yake ɓata mini rai, domin rabin rubutun daga uba ya zo.

Game da abinci, amsar tana cikin abin da ya gabata. Abinci shi ke kawo duwatsun, kuma 9 daga cikin 20 ɗin jiki ba ya iya haɗa su da kansa, dole sai an ci. Gero da dawa da masara suna da ƙarancin ɗaya daga ciki mai suna laisin, wake da kifi da nono su ne ke cike gurbin. Yarinyar da ɓargonta ke aiki ninkin na sa'o'inta domin maye ƙwayoyin da ke fashewa tana buƙatar wannan fiye da kowa, tare da folik asid da likita kan rubuta. Amma ko da za a cika mata ciki da gulutamik asid, ribosom ba zai sa shi a gurbi na shida ba, tunda allon cewa ya yi balin. Ƙarin jini kuma aron lafiyayyun ƙwayoyi ne daga wani, yana ceton rai a lokacin tsanani, sai dai ƙwayoyin aron suna tsufa su ƙare cikin makonni, ɓargonta kuma yana nan yana kwafa daga kundinta.

Akwai wata ƙofa guda da wannan ilimi ya buɗe. Mai yiwuwa ka lura cewa a watanninta na farko lafiyarta ƙalau. Dalili shi ne jariri a ciki ba ya amfani da sarƙar beta sosai. Akwai wani shafi a kusa da ita a kan kuromosom na 11, mai bayanin sarƙar gama, wadda ke ba da himogulobin na tayi, kuma shi ba ya shiga cikin sandunan. Bayan haihuwa jiki yana rufe wannan shafi a hankali ya buɗe na beta, zuwa wajen wata shida sauyin ya yi nisa, a nan ne ciwon kan fara nuna kansa. Shafin gama bai goge ba, an daina kwafarsa ne kawai. Maganin da ake kira haidiroksiyuriya yana sa ɓargo ya koma ƙera wani kaso na himogulobin na tayi, kuma an tabbatar yana rage yawan tashin ciwon da buƙatar ƙarin jini, har a yaran Afirka. Ana shan sa ne a ƙarƙashin kulawar likita tare da gwajin jini lokaci-lokaci, saboda haka ka tambayi likitanta ko ya dace da ita. Dashen ɓargo daga ɗan'uwan da jininsu ya dace yana sauya masu kwafar da kundinsu gaba ɗaya, amma aiki ne mai haɗari da tsada. A ƙarshen 2023 hukumomin magani na Birtaniya da Amurka sun amince da wata hanya mai suna Casgevy, inda ake ciro ƙwayoyin ɓargon mara lafiya, a yanke wurin da ke ba da umarnin rufe shafin gama, a mayar masa da su. Farashin da aka sanya mata a Amurka a 2023 dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya.